Bazazzagi, Sauko Daga Kan Kwanon Nan

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga baransa. Ina fata kana lafiya, Bazazzagi, kai da iyali da sauran Zagezagin da Allah ya ɗora mana nauyin kula da su.

Labari ya riga ka isowa Kano. An ce ka kafa dogon bututun ƙarfe a kan rufin gidanka na Tudun Wada, ka ɗora masa wani abu mai tsinkaye, kuma tun daga ranar ba a sake ganinka a majalisa bayan la'asar ba, kana can kan kwano. Maƙwabta sun rabu. Wasu sun ce gidan rediyo za ka buɗe, wasu sun ce kamfanin waya ne ya kama hayar rufinka, har sun fara lissafin bashin da za su zo ci, wata tsohuwa kuwa ta ce ita dai laima take gani wadda iska ta cinye yadin ta bar ƙarafan. Uwargidanka ce ta warware mini zare da abawa, da ta bugo waya tana roƙon in sa baki kafin ka faɗo. Ashe sikana ka saya, rediyon nan da ba ya zama a tasha ɗaya, sai dai ya yi ta zagaye da gudu, inda ya ji ana magana ya tsaya, in aka yi shiru ya ƙara gaba. Wai kai ala dole sai ka ji abin da matuƙan jirgin sama ke faɗa wa masu ba su hanya.

Ban ga laifinka a sha'awar ba. Wanda ya tashi a garin da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, ƙananan jiragen ɗalibai suna ta kewaya masa ka daga wajen Palladan safe da yamma, wata rana dole ya so jin me ake cewa a ciki. Sai dai kada kai ya kumbura. Shekara 39 kafin a kafa muku makarantar, a watan Nuwamban 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar sun sauka a filin sukuwar Kano, kuma kafin su jirgin sama bai taɓa sauka a ƙasar nan ba. Ka kuma duba taswirar da matuƙa ke aiki da ita. An yanka sararin samaniyar duniya yanki-yanki, kowanne da sunansa, kuma yankin da ya lulluɓe Nijeriya sunan Kano yake amsawa. Ke nan saman da ke bisa kwanonka ma namu ne, ka cusa masa ƙarfe ko sallama babu.

To, an kafa, an ɗaure, an ja waya har ɗaki, an tara yara, an kunna. Shuuu. Aka murɗa nan, aka danna can. Shuuu. Sai ga ka a waya kana huci: "Wannan eriyan jabu ne, Bakano ne ya cuce ni." Haka kuke, a bar jaki a doki taiki. Da ka tambayi na gaba da kai tun farko, da ko tsani ba ka ƙara arowa ba, don gwajin farko a tsakar gida ake yin sa. Ka zare wayar da ta sauko daga rufi, ka mayar da 'yar eriyar robar nan da ta zo cikin kwalin, ka fita fili lokacin da jiragen ɗalibai ke shawagi. In 'yar robar ta ji abin da dogon ƙarfenka bai ji ba, rediyon lafiyarsa ƙalau, ɓarnar tana tsakanin rufi da ɗaki. Wa ya yi aikin tsakanin rufi da ɗaki? Ba dai Bakano ba.

Abin da aka sayar maka eriya ce ta ƙwarai, diskon ake ce mata, kuma tsohuwar nan ta fi duk masu digirin layinku kusa da gaskiya, don siffarta ke nan: gajerun tsinkaye a kwance a sama, dogaye sun sauko a baje a ƙasa. Wani injiniya a Amurka, Armig Kandoian, shi ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1945. Ba ta ƙara wa sigina ƙarfi ko kaɗan. Abin da ya sa masu sikana ke sonta shi ne faɗin kunne, don irin wadda ake sayarwa yanzu takan ɗauko tun daga megahaz 25 har zuwa 1300, kuma tana ji ta kowace kusurwa daidai wa daida, gabas da yamma, kudu da arewa.

Da na biyo ta Zariya a hanyata ta zuwa Kaduna, tun daga kwanar layinku na hango ta, ta sunkuya ta fuskanci arewa maso gabas. Na tambaye ka ko aikin iska ne, ka ce a'a, da gangan ka karkata ta don ta fi jin Kano. Na ji daɗin ladabin, ko eriyar Bazazzagi ta san inda ake rusunawa. Amma ba dish ba ce da ake saita ta. Eriyar jirgi da ta hasumiyar filin jirgi duk a tsaye suke sakin sigina, mai son kamawa shi ma sai ya miƙe tsaye. Na yafe mata gaisuwar, ka miƙar da ita.

Wannan ma ƙarami ne a kan abin da ɗanka ya ɗauko mini hotonsa da ya hau. Tsakanin tsinkayen sama da na ƙasa akwai wata roba mai tauri, aikinta guda ɗaya tak, ta hana na sama taɓa na ƙasa, don na sama da zuciyar waya suke haɗe, na ƙasa kuma da ragar da ta kewaye ta. Kai da ka ga wurin yana ɗan motsi, sai ka sami wayar ɗauri ta magina ka naɗe sama da ƙasa tamau, har da ƙulli biyu, wai don ya yi ƙwari. Ya yi ƙwari kam. Ka haɗe abin da injiniya ya ɓata dare yana rabawa, duk siginar da eriyar ta kama nan take take mutuwa, ko taga ba ta kaiwa. A garin da jami'a take tun 1962!

Sai maganar tsayi, wadda ita ce ta fi damun uwargida. Da ka ji shiru, sai ka ce gajarta ce, ka kai wa mai walda wani bututun ya ɗora a kan na farko, yanzu kana mita 9 kana shirin ƙarawa, wai sai ka ji hasumiyar filin jirgin Malam Aminu Kano. Ɗauko alƙalami, tunda ku ne 'yan boko. Maganar jirage tana tsakanin megahaz 118 da 137, kuma sigina a wannan zango miƙewa take yi, ba ta bin gantsarewar ƙasa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Lissafin nisan da eriya ke hange mai sauƙi ne: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriyar a mita, a ninka ta sau 4 da ɗan ɗoriya, abin da ya fito shi ne kilomita. Mita 9 ta ba ka 3, sau 4, kilomita 12 ke nan da 'yan kai. In kana son ninka wannan nisan, ba mita 18 za ka hau ba, sai 36. A ce eriyar hasumiyar can ta kai mita 30, nata hangen kilomita 22 ne da ɗoriya, a haɗa da naka ba a wuce 35 ba. Tsakanin Zariya da Kano kuwa, ko tsuntsu ne ya miƙe, ya haura kilomita 130. Ko a kan dutsen Kufena ka kafa ta, Kano ta fi ƙarfinka.

Jirgin da ke sama shi ne rabonka. Wanda ya lula ƙafa 35,000, wato fiye da mita 10,000, hangensa ya wuce kilomita 400, saboda haka daga ɗakinka za ka iya jin matuƙin da ke can saman wata jiha yana magana tas, ka kasa jin wanda ke ba shi amsa daga ƙasa. Rabin hira za ka riƙa ji, kuma ba lalacewa ba ce, haka abin yake ga kowa. Hasumiyar da ke cikin garinku ce kaɗai za ka ji ta da bakinta. Don wannan kuwa abin da ake nema eriya ta ɗara kwanon gidanka da tankin ruwa da bangon benen maƙwabci, ta sami fili ta ko'ina. In ta samu, kowane bututu da ka ƙara iska kake tara wa abin wasa a farkon damina.

Na san abin da za ka ce, don ka faɗa a gabana: ai rediyon marigayi Baba da ɗan siririn ƙarfe yake kamo London. Gaskiya ne, tun 1957 BBC ke magana da Hausa kuma kakanninmu sun ji ta a gindin bishiya. Wancan gajeren zango ne, tsakanin megahaz 3 da 30, wanda ke hawa ya bugi wani sashe na iska mai caji can nisan ɗaruruwan kilomita a sama ya dawo ƙasa a wata nahiyar. Siginar jirage huda wannan sashen take yi ta wuce abinta. Rediyon Baba daban, naka daban, Allah ya jiƙan Baba.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato waya. Ka zuba kuɗi a rediyo, ka zuba a eriya, ka biya mai walda, da aka zo kan abin da zai ɗauko siginar daga sama ya kawo ta ƙasa sai rowar gado ta motsa. Ka sayi siririyar nan baƙa mai lamba RG-58, mita 30, alhali daga rufinka zuwa tebur bai fi mita 12 ba. Ragowar na gan ta da idona a naɗe a bayan kwaba, ka hana a yanke don ka biya kuɗinta. Ita waya ci take yi, kowace mita da rabonta. Masu sana'ar da desibel suke auna asarar, kuma duk desibel 3 rabin sigina ne ya tafi. Mita 30 ta wannan siririyar tana cin kusan desibel 5 a zangon jirage, wato kashi ɗaya cikin uku ne ke isowa. In ka hau wajen megahaz 450, inda ƙananan oba-oba da yawa ke aiki, asarar ta kai desibel 10, kashi ɗaya cikin goma ke nan ya tsira. Wanda ya ajiye mita 18 a bayan kwaba tana cin siginarsa dare da rana don kada ya yi asarar kuɗin waya, wannan sai a Zazzau.

Abin dariyar, maganin yana rataye a bangon gidanka. Wayar dish ta yau da kullum, RG-6, in mai kyau ce, asararta a wannan tsayin ba ta kai desibel 3 ba a zangon jirage. Wani mai ilimin littafi zai ce maka ita om 75 ce, rediyonka kuma om 50 yake so. Haka ne a takarda, amma ga mai saurare kawai, wanda ba ya aika komai, abin da wannan saɓanin ke ci bai kai a ɗaga kai a duba ba. Abin lura shi ne ragar ciki. Ka sa mai shago ya feƙe maka baki ka gani: in ragar ta yi cunkus ta rufe takardar azurfar da ke ƙarƙashinta, ka saya, in 'yan silla ne jefi-jefi kana hango ciki, ka ajiye masa kayansa. Araha ba ta ado. Ragar RG-6 galibi ta alminiyam ce, dalma ba ta kama ta, don haka kan waya irin na dish ake matsa mata, sannan a nemi ɗan mahaɗin da zai kai ta bakin rediyo da wanda zai kai ta gindin eriya.

Ban gama da wayarka ba. A daidai bakin indararo na ga wani ƙullutu an naɗe shi da leda da baƙin salatif. Ashe da kuna ja ta tsinke a kaifin kwano, ka feƙe baki biyu ka murɗe su da hannu yadda ake yi wa wayar ƙwan fitila. Da muka warware ledar, ruwa ne ya fara ɗigowa, mai tsatsa. Ragar da ya kamata ta yi ƙyalli ta koma baƙa, wani kore-kore ya kama ta, ina taɓawa tana marmashewa a yatsa. Farar robar ciki ta jiƙe ta yi laushi. Ga kuma silin raga guda ɗaya, bai kai kaurin gashi ba, ya kwanta a jikin zuciyar wayar. Wannan silin kaɗai ya isa ya kashe komai ko da sauran aikin naka daidai yake. Irin wannan waya ba a murɗa ta. Tazarar da ke tsakanin zuciya da raga ita ce aikin, in ta ɓaci a wuri ɗaya sigina ta fara komawa baya. Ruwa kuma in ya shiga ba ya tsayawa a bakin ƙofa, raga yake bi yana tsotsuwa har mita da yawa, shi ya sa wayar da ta sha ruwan Agustan Zariya ba ta gyaruwa, sai dai a ba yara su yi igiyar shanya.

In ka ja sabuwa, guda ɗaya ba haɗi, ka ari mitar gwaji wurin mai gyaran rediyo kafin ka hau. Zuciya zuwa zuciya daga wannan baki zuwa wancan, ta yi ƙara. Raga zuwa raga, ta yi ƙara. Zuciya zuwa raga, ta yi shiru. In ta yi ƙara a nan, akwai sili a wani kan, sake shi. Mahaɗin da zai kwana a waje a naɗe shi da salatif ɗin roban nan da ake ja ya miƙe ya manne da kansa, a faro daga ƙasa a yi sama don kowane zagaye ya rufa wa na ƙarƙashinsa, sannan a bi da baƙin salatif saboda rana. Kafin wayar ta shiga taga a lanƙwasa ta ta ɗan yi ƙasa ta dawo, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje maimakon ya sauka a kan teburinka.

Biyu daga cikin laifuffukanka ma ba sa buƙatar tsani. Ka sa rediyon a FM, jirage kuwa da AM suke magana. Da gangan aka bar su a haka: a FM, in biyu suka yi magana lokaci ɗaya mai ƙarfi yakan haɗiye mai rauni ba wanda ya sani, a AM kuwa sai a ji wani fito da muryoyi a cakuɗe, mai ba da hanya ya gane an yi karo ya ce a maimaita. Sai maɓallin da aka rubuta wa SQL, wanda ke toshe shuu ɗin nan. Ka murɗe shi har ƙarshe don uwargida ta ce ƙarar ta dame ta, ya toshe shuu ya toshe matuƙa. Ana buɗe shi ne gaba ɗaya, a riƙa rufewa a hankali, daidai inda shuu ya ɗauke a tsaya.

Kada ka ce an gama, tsugune ba ta ƙare ba. Ranar da ka gyara duk wannan, akwai yiwuwar ka kunna zangon jirage ka ji ana tallan maganin basir. Ba aljanu ba ne. Gidajen rediyon FM suna tsakanin megahaz 88 da 108, katanga ɗaya da zangon jirage, suna watsawa da dubban wat, alhali rediyon jirgi galibi bai wuce wat 25 ba. Ƙaramin sikana na hannu an yi shi ne don 'yar eriyar roba. In ka haɗa shi da diskon mai kwaso komai, tashar da ke kusa da kai sai ta cika masa kunne, ko ta ɓullo inda ba wurinta ba, ko ta sa ya kurumce ga masu rauni. Na ga busta a kan teburinka cikin leda, irin ta talabijin, kana jiran Asabar ka ɗaura. Mayar wa mai ita. Busta ba ta san jirgi ba, ba ta san mai maganin basir ba, duka take ƙara wa ƙarfi, kuma wanda ya riga ya fi ƙarfi shi zai ƙara danne ɗan'uwansa. Abin da kake buƙata filta ce da ke datse 88 zuwa 108 ta bar saura, 'yar ƙarama ce, a bakin rediyo ake ɗaura ta.

In kuma wani zuu ko ƙararrawa-ƙararrawa kake ji ba murya ba, ɓarawon yana cikin gida. Inbatar sola, na'urar cajin batirinta, ƙwayayen fitilar nan masu arha, cajar waya ta bakin titi, filogin janareton maƙwabci, kowannensu ƙaramin gidan rediyo ne mai watsa hayaniya, kuma AM ba ta iya kau da kai daga hayaniya. Ka sa rediyon a batir, ka kashe komai na gidan, ka saurara. In ya yi tsit, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya tona kansa. Ina zargin cajar nan taka mai ɗaurin roba.

Nan kuma zan ajiye wasa, don Bazazzagi mai rai nake so, wanda zan ci gaba da tsokana. Wayar lantarkin da ta bi ta gaban gidanka, ta saman nan mai layi uku, irin su kan ɗauki bolt 11,000, kuma ba sai ƙarfe ya taɓa ta ba, in ya matso sosai wuta tsallakowa take yi. Ƙa'idar masu kafa eriya ita ce tazarar bututu da wayar wuta ta kai ninki biyu na tsayin bututun da eriyarsa, yadda ko ya faɗi ba zai kai gare ta ba. Naka bai cika wannan ba, na auna da ido. Ka rage tsayin, ka mayar da shi bayan gida, ka ɗaure shi da wayoyi uku ta kusurwa uku. Kada ka ɗaga bututu kai kaɗai, kada ka hau jiƙaƙƙen kwano, kada ka hau in hadari ya haɗo.

Sai aradu. Ka kafa ƙarfen da ya fi komai tsayi a layinku ka ja masa waya har gefen gadonka. Bututun yana buƙatar waya mai kauri ta tagulla, gajera, miƙaƙƙiya, zuwa sandar tagulla mai tsawon mita 2 ko fiye da aka kafa a ƙasa inda ke da danshi, a kuma sa abin kare tsawa a kan wayar eriya kafin ta shiga ɗaki, a haɗa shi da sandar. Ko a rani wannan yana da amfani, don busasshiyar iskar hunturu mai ƙura takan tara caji a jikin eriya har ya lalata rediyo ba tare da ko gajimare ba. Duk da haka babu sandar da ke ba da tabbaci in gatarin aradu ya sauko kai tsaye. Da ka ji rugugi daga nesa, zare wayar daga rediyo ka nisanta ta da mutane. Matuƙan ma kauce wa hadarin suke yi, ba abin da zai wuce ka.

Mu koma wasanmu. An tsegunta mini cewa ba jirage kaɗai suka sa ka sayi wannan abu ba, wai ka ji an ce yana kamo hirar wayar salula, kuma akwai wadda kake son jin da wa take doguwar hira da dare. Ka yi asara. Tun da aka kawo GSM ƙasar nan a 2001 maganar waya a lambobi take tafiya kuma a kulle, abin da sikana zai jiyo maka ƙara ce kawai. A Amurka ma, inda wannan sha'awa ta fi yawa, tun 1994 doka ta hana shigo da sikana ko ƙera wanda ke kama zangon salula. A Ingila kuwa, a ƙarƙashin dokarsu ta 2006, sauraron saƙon da ba kai aka yi wa ba laifi ne. Kowace ƙasa da nata tsarin, saboda haka kafin ka zurfafa ka je ka tambayi hukuma abin da aka yarda da shi a nan, ka kuma nisanci duk abin da ya shafi jami'an tsaro, ko da wasa. Ka je ka gaida mai unguwa ka nuna masa abin da hannunka. A wannan zamani, mutum ya kafa baƙon ƙarfe a rufi ya shige ɗaki yana sauraron oba-oba, ba a daɗewa wani zai ce infoma ne, kuma ba ni da kuɗin belin Bazazzagi.

Ɗanka ya kuma ce ranar da ƙaramin jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa ka kanga rediyon a baki ka ce "Sannu da aiki, direba." Sikana kunne ne kawai, ba shi da baki, kuma gara da aka yi shi haka. In komai ya daidaita, abin da za ka ji gajerun maganganu ne da Turancin da ba irin na majalisarku ba: lambar jirgi, wadda ta Nijeriya ke farawa da 5N, haruffa ana kiransu Alfa, Bravo, Charlie, tsayi da ƙafa, saurin iska, lambar titin sauka, ɗalibi yana maimaita umarni muryarsa na rawa. Ka ajiye 121.5 cikin jerin tashoshinka, layin neman agaji ne na jirage a duk duniya, ka yi addu'a kada ka taɓa jin kowa a kansa.

Tunda jirage ne kaɗai abin da ya rage maka, bari in ƙona maka rai. Raba 300 da 125, tsakiyar inda suka fi magana, ka sami mita 2.4, tsawon zangon ke nan. Rubu'insa santimita 60, a rage kaɗan ya zama 57. Wayar tagulla mai kauri guda ɗaya mai wannan tsawon a tsaye, a like ta da dalma a tsakiyar soket ɗin eriya, wasu huɗu irinta a kusurwoyin soket ɗin a lanƙwaso su ƙasa rabi, shi ke nan. A zangon jirage wannan ba ta jin kunyar diskon ɗinka, sau da yawa ma ta fi ta, don ba ta kwaso tarkacen da ba a aike ta ba. Kowane yaron mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano zai haɗa maka ita kafin shayinka ya huce, kuɗinta kuma bai kai abin da ka ba mai walda na ɗora bututu na biyu ba.

Saura ladana. Za ka koma majalisar da ka ɓata sunan ɗan kasuwarmu ka janye maganarka a bainar jama'a, da Hausar Kano, ka ce eriyar nan mai kyau ce. Za ka mayar wa uwargida wayar dish ɗinta in har ita ka yi niyyar cirewa bayan karanta wannan, ka sayi taka. Sannan kuɗin sharar bara da na bana suna nan a kanka, ka haɗa da na wannan darasi ka ba direban Kano a Kwangila. Ba na karɓar rake, ba na karɓar mazarƙwaila.